Manomi Da Damina, Mayaƙi Da Rani

 

Ya 'yan'uwana matasa, duk sanda na bi hanyar Kura zuwa Bunkure da rani, na ga shinkafa da tumatir kore shar a bakin ruwa, nakan tuna cewa kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, rani ba lokacin shuka ba ne a nan. A ƙarni na 19 kuwa, lokacin yaƙi ne.

A wancan zamani, masarautar Kano ba ta da babbar runduna ta dindindin. Akwai barade da bayin sarki a fada, amma mafi yawan dakaru manoma ne. Idan an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai Sarki ya aika wa hakimai, su kuma su aika wa dagatai, kowa ya fito da mutanensa zuwa sansani, wannan da kwari da baka, wancan da mashi da garkuwa. Da hadari ya soma haɗuwa, sai a sallame su, domin rundunar da ta kashe gona ta kashe kanta.

Ga kuma ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka waɗanda mazaunansu ke noma suna gadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa wannan tsari, har ya zauna a Wurno, inda ya rasu a 1837. Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya yi ribaɗi a Fanisau saboda Ɗan Tunku. Nan kudu kuwa, irin waɗannan manoma ne suka riƙa tarar harin Ningawa zamanin Abdullahi Maje Karofi.

Tsarin ya ƙare a 1903, lokacin da igwar Turawa ta fasa ƙofar Bebeji, maƙwabciyarmu, Kano kuma ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu.

Abin lura shi ne, manomin nan bai taɓa kiran kansa yaƙi ba. Shugaba ke kira, shugaba ke sallama, shari'a kuma tana kansa. Yanzu da matsalar tsaro ta sa ake ta kafa 'yan sa-kai, wajibi ne matashi ya tambaya kafin ya ɗauki ko da gora: wa ya kira ni, wa zai tsawata mini idan na yi zalunci? Makami ba jagora fitina ne.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.