Rumbun intanet da tsaron bayanai: Abin da ya kamata 'yan kasuwa da ma'aikatan Kaduna su sani

Daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zuwa shagunan titin Ahmadu Bello da Kasuwar Kawo, da wuya yanzu a yi ciniki mai kauri ba tare da na'urar POS ko taransifa ba. Haka ma a ofisoshin gwamnati, inda albashi da haraji da takardun filaye suka koma kwamfuta. Wannan sauyi ya sauƙaƙa aiki, amma ya sa dukiyar mutum ta rataya a kan abu uku: layin sadarwa, wutar lantarki da lambar sirri.

Yadda aka zo nan

A watan Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta haɗa dukkan asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2015 Gwamnatin Jihar Kaduna ta koma tsarin asusun bai-ɗaya, sannan dokar haraji ta 2016 ta hana ma'aikata karɓar kuɗin shiga hannu da hannu. Hukumar KADGIS kuma ta mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta.

Ga 'yan kasuwa, abin da ya fi sauya al'amura shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira. A lokacin ne masu kayan miya da mahauta da 'yan Keke Napep da dama suka buɗe asusu a kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, kuma ba su bari ba ko bayan kuɗin sun wadata.

Mene ne rumbun intanet?

Shi ne abin da masana ke kira gajimare. Ma'anarsa ita ce ajiye bayanai da gudanar da manhajoji a manyan kwamfutocin wani kamfani da ke nesa, mai amfani yana isa gare su ta intanet, yana biyan gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Duk mai ajiye hotuna a Google Drive ko mai adana saƙonninsa na WhatsApp a can, ya riga ya shiga tsarin.

Kamfanonin Amazon da Microsoft da Google ne kan gaba a wannan harka a duniya, kuma dukkansu sun kafa cibiyoyi a Afirka ta Kudu. A Najeriya, Hukumar NITDA ta fitar da manufar amfani da rumbun intanet a 2019, yayin da kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ke da cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano.

Amfaninsa ga ɗan kasuwa a fili yake. Littafin bashi na takarda yana ƙonewa idan gobara ta tashi, kwamfutar shago ana iya sace ta, amma lissafin da ke rumbun intanet yana nan. Mai shago biyu, ɗaya a Kawo ɗaya a Unguwar Rimi, zai iya ganin cinikin kowanne daga wayarsa.

Inda matsalar take

Idan sadarwa ta yanke, rumbun ya rufe. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya tsayar da ayyukan bankuna da dama a Najeriya. Tun kafin nan, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki babu lantarki bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna.

Akwai kuma batun farashi. Yawancin kamfanonin waje da Dala suke lissafin kuɗinsu, don haka duk faɗuwar Naira ƙarin ɗawainiya ce.

Dabarun 'yan damfara

Mafi yawan sata ba ta kutse mai zurfi ake yin ta ba, ta yaudara ce. Akwai alat na bogi, inda ake nuna wa mai kaya saƙon biya alhali kuɗi bai shiga ba. Akwai masu kira da sunan ma'aikatan banki suna neman BVN ko lambar da aka turo wa mutum. Akwai satar waya ko sauya layi don kwashe asusu, da ƙwace WhatsApp don roƙon kuɗi da sunan mai shi. Manyan ma'aikatu kuwa sun fi fuskantar manhajar da ke kulle bayanai har sai an biya kuɗin fansa.

Abin da doka ta tanada

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutse da sojan gona da damfara ta intanet. Dokar Kare Bayanai ta watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a, kamar makaranta ko asibiti ko otal, alhakin kiyaye su. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da Hukumar NDPC cikin awa 72.

Matakan kariya

Kada a saki kaya sai an ga kuɗi a cikin manhajar banki ko na'urar POS, ba a saƙon da mai saye ya nuna ba. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya, don haka duk mai tambayarta ɗan damfara ne. A sa wa layin waya lambar kulle, a kunna tantancewa mai mataki biyu a WhatsApp da imel. A raba asusun shago da na gida, a sauya lambobin sirri duk lokacin da yaron shago ko ma'aikaci ya bar aiki. A riƙa ajiye kwafin lissafi a wuri na biyu, a kuma tanadi layin wani kamfanin waya daban.

Wanda aka sace wa waya ko kuɗi, ya fara da rufe asusunsa ta lambar gaggawa ta bankinsa, sannan ya kai ƙorafi a rubuce. Idan mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, yana da damar kai kukansa ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.