Allo ya ɗauke: yadda gyaran laftof ya sauya a hannunmu a Ɗan Issa

Ɗan Issa gari ne a Nijar, a bakin iyaka da Najeriya, kuma laftof ɗin da ke shigowa cikinsa ta hanya biyu take zuwa. Wadda ta biyo ta Kano da Katsina da Jibiya, madanninta na Ingilishi ne, layin sama QWERTY. Wadda ta sauka a Kwatano ta hauro ta Maraɗi, galibi tsohuwar ofisoshin Faransa ko Beljiyam ce, madanninta AZERTY. Da mun ɗaga murfi mun san ta ina ta biyo. Amma ko daga ina take, kukan da ya fi kawo ta teburin mai gyara bai taɓa sauyawa ba: "Malam, allon ya ɗauke," ko kuwa "hasken ya ƙi ƙaruwa."

Waɗanda suka fara shigowa hannunmu da yawa su ne manyan nan masu nauyi, irin su Dell Latitude D620 da IBM ThinkPad da Toshiba Satellite. Allonsu ba ya haskaka kansa. A bayan gilashin akwai wata siririyar fitila mai kama da ƙaramin ƙwan neyon, da ɗan allon lantarki a ƙasanta wanda muke kira inbata, shi ke ɗaga wutar batir zuwa ɗaruruwan bolt kafin fitilar ta kama. Idan fitilar ta tsufa, sai allo ya fara buɗewa da ja-ja kafin ya washe, daga baya ya mutu gaba ɗaya. Abin da maigida ke fara koya wa yaro a lokacin shi ne gwajin tocila: ka kunna na'ura, ka dalle allon da tocila daf da shi. In ka ga inuwar rubutu a ciki, hoto yana nan, haske ne ya tafi. Sai a sauya inbata, in bai yi ba a zare fitilar a saka wata. Aikin hannu ne mai son haƙuri, don gilashin fitilar bai kai kaurin tsinken tsire ba, ga shi da sinadarin makuri a ciki. Wanda ya iya wannan a wancan zamani ba ya rasa na cefane.

Wajen 2010 kamfanoni suka koma ga ƙananan fitilun LED, kuma da gwanjonsu ya iso mana bayan 'yan shekaru, sana'ar inbata ta mutu murus. Mun ɗauka sauƙi ya zo. Ashe matsalar ƙaura ta yi daga cikin gilashi zuwa cikin manhaja, wurin da ƙarfen dalma ba ya kaiwa.

A nan sai an ɗan koma baya. Dabarar rage haske da kashe allo don tsimin wuta ba kuskure ba ce, da gangan aka gina ta. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star, a shekarar ce kuma Intel da Microsoft suka fitar da tsarin sarrafa wuta na APM. A ƙarshen 1996 su biyun tare da Toshiba suka kawo ACPI, wanda ya karɓe ragamar sarrafa wuta daga BIOS ya damƙa wa manhajar da ke tafiyar da na'urar. Tun daga nan kowace laftof tana da hali biyu: yadda take yi in tana jone da wuta, da yadda take yi in an zare ta. A kan batir tana dushe haske, bayan 'yan mintoci ta kashe allo, in an ƙara jimawa ta yi barci. Waɗanda suka tsara haka sun ɗauka zama a kan batir na ɗan lokaci ne, a jirgi ko a ɗakin taro. A wurinmu kuwa rabin rayuwar na'ura a kan batir take yin ta, kuma mai ita yana zaune ne a rumfar bakin titi, inda ranar watan Afrilu ke cinye duk hasken da allon ya iya fitarwa.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne masu tura finafinai da waƙoƙi a katin waya. Mutum ya sa fim ɗin Kano mai dogon zango yana shiga kati, ya juya yana ciniki, wuta ta ɗauke, na'ura ta koma halinta na batir ta yi barci, aikin ya yanke a tsakiya. Haka masu cika takardun fiton kaya a kusa da duwan, wato kwastan. Maganin bai wuce shiga saitin wuta a ce mata kada ta yi barci a kan batir ba, a bar ta ta kashe allo kaɗai. Allo shi ne ɗaya daga cikin manyan masu shan batir, don haka kashe shi riba ce, barcin ne ke ɓata aiki. Mutane da yawa har yau ba su raba waɗannan biyun ba.

Akwai kuma ciwon da mu masu gyara muka jawo da hannunmu. Na'ura ta zo da manhajar Faransanci, mai saye yana son ta Ingilishi, ko akasin haka, sai a goge a ɗora sabuwar Windows daga filashi. Hoto ya fito, kowa ya yi murna, amma ba a saka direban katin hoto ba. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, daidaita haske ya rataya sosai a kan wannan direban. In babu shi, maɓallan haske su zama ado, ma'aunin hasken ma ya ɓace daga saiti. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ke ɗora Ubuntu su ma sun san irin wannan a tsofaffin na'urori, inda sai an ƙara wa layin tayar da na'ura umarnin acpi_backlight kafin maɓallan su ji magana.

Caja ma tana da nata. Cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, da ita na'ura ke gane ƙarfin cajar. In allurar ta karye, ko cajar jabu ce, na'ura tana iya ƙin cika batir ta kuma rage gudu, mai ita ya yi ta zargin allo. Sai wani abin dariya: a gefen na'ura akwai ɗan firikwensin da ke jin maganaɗisun murfi, da shi take sanin an rufe ta. Ka ɗora wayar da ke da lasifika mai ƙarfi a daidai wurin, ko ka jera laftof a kan wata laftof kamar yadda 'yan kasuwa ke yi, nan take allo ya ɗauke. An sha kawo mana irin wannan ana cewa aljanu ne.

Shekarar da ta fi gwada mu ita ce 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, ga yankin Maraɗi ya dogara da layin da ke tasowa daga Katsina. Iyaka a rufe, kayan gyara daga Kano sun yi wuyar samu, har bayan da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta janye takunkumin da ta saka wa Nijar ranar 24 ga Fabrairun 2024. A waɗannan watanni aka koma kan fano mai aiki da hasken rana da janareta, kuma kowa ya koyi tsimi dole: rage haske zuwa rabi, janye teburi cikin inuwa, kakkaɓe ƙurar fanka don kada zafi ya kashe na'ura. Batiran gwanjo, waɗanda dama sun gaji kafin su ƙetaro teku, da yawa a nan suka ƙarasa.

Abin da ke damuna a sana'ar yanzu shi ne saurin cewa "sai an sauya allo". A nan kuɗin yake, shi ya sa. Yaro ya buɗe na'ura bai cire batirin ciki ba, ya zare igiyar allo da wuta a jiki, ya ƙona ɗan fiyus ɗin haske da ke kan babban allon na'ura. Wadda ta zo da matsalar saiti ta koma gida da matsalar gaske. Ga igiyoyin ma iri-iri ne, akwai mai baki 40 akwai mai baki 30, kuma ba kowace ke shiga gurbin wata ba.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin sabon allo, ka ce wa mai gyara ya yi gwajin tocila a gabanka, ya jona na'urar da talabijin ta igiyar HDMI, ya duba direban hoto da saitin wuta, ya gwada wata caja. Duka wannan bai kai rabin awa ba. In ya ƙi, ɗauki na'urarka ka tafi wani teburin.