Wa Ke Raɗa wa Kiɗa Suna? Nazarin Grime da Dubstep a Landan

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda sunaye biyu, grime da dubstep, suka samu gindin zama a kiɗan na'ura na bayan fage a Landan. Abin da ta gano shi ne, ba kasafai makaɗi ke raɗa wa kiɗansa suna ba. Masu shagon faifai da masu shirya casu da 'yan jarida ne ke yin wannan aiki, domin kayan da ba shi da suna ba ya shiga kasuwa.

Salon biyu duk daga kiɗan garage na Ingila suka tsiro, kuma suna tafiya a kan bugu kusan 140 a minti ɗaya. A Croydon, kudancin Landan, a da akwai shagon Big Apple Records. Hatcha ne ke tsaye a bayan kanta yana sayar da faifai, samari irin su Skream da Benga kuma suna kawo masa kiɗan da suka haɗa a ɗakunan kwanansu. Wanda ya kwanta masa a rai sai a yanka masa shi a faifai na musamman, ya je ya ɗora a casun FWD>>, wanda aka fara a 2001. Kiɗa ne mai nauyin gaske, ana jin rugugin ƙasansa a ƙirji, amma ba shi da suna tsayayye. A 2002 mujallar XLR8R ta Amurka ta buga kalmar dubstep a bangonta, sannan kamfanin Tempa, na masu shirya FWD>>, ya kafa sunan daram da jerin faifan Dubstep Allstars.

A unguwar Bow ta gabashin birnin kuwa, an sha ja-in-ja kan sunan ɗayan salon. Makaɗi Wiley ya kira nasa eskibeat, wasu suka ce sublow. Bayan Dizzee Rascal ya ci kyautar Mercury a 2003, jaridu suka rungumi grime, sauran sunayen suka bi ruwa. A 2004 Wiley ya fitar da waƙa sukutum a kan rikicin sunan, "Wot Do U Call It?". Abin takaici ne a ce mutumin da ya fi kowa gina salon bai samu damar raɗa masa suna ba.

Ruɗanin ya fito fili a wannan shekarar, lokacin da kamfanin Rephlex ya fitar da faifan haɗaka mai suna Grime, na biyunsa kuma ya ƙunshi Kode9 da Loefah da Digital Mystikz, waɗanda yau kowa ya san su da dubstep.

Da Mary Anne Hobbs ta gabatar da shirin Dubstep Warz a BBC Radio 1 a Janairun 2006, sunan ya tsallaka teku. A 2012 Skrillex na Amurka ya karɓi kyautar Grammy uku da kiɗa mai ƙara da hargowa wanda duniya ta kira dubstep, tsofaffin masoyan salon Croydon kuma suka laƙaba masa brostep don su raba gari da shi.