AS Police da kofuna biyu na 2008: yadda balon Nijar ya sa kaki



Ran Lahadin da ta wuce, muna cikin shirin wasanni, wani dattijo ya bugo waya daga Birni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce: "Kai ɗan nan, ina tambayarka, su ƴan sanda da jandarmomi da ƴan duwan, wa ya bar musu balo?" Muka yi dariya a situdiyo, lokaci kuma ya ƙure, ban ba shi amsa ba. Baba, ga amsar nan, in ji ɗanka. In ba ka kan Facebook, jikoki su karanta maka.

Da AS Police zan fara, ekip ɗin ƴan sandan ƙasa da ke Yamai, don ita na fi tunawa. A 2008 ina lise Amadu Kuran Daga, balon Turai ya cinye mana kai, kowa Drogba, kowa Eto'o. Sai ga labari a Muryar Sahel wai Police ta ɗauki shampiyona ta ƙasa. A shekarar dai ta haɗa da kofin ƙasa. Kofuna biyu a kaka ɗaya, ga ekip ɗin da ba ta taɓa zama zakara ba. A fadarmu wani ya ce ai dole, wane arbit ne zai hura wa ɗan sanda usur alhali babur ɗinsa ba takardu? Raha ce ta ƴan shayi. Waɗanda suka ga wasanninta sun ce ekip ce mai ƙarfi da tsari.

Amma don a gane nauyin abin da ya faru, sai an koma baya kaɗan.

Tun shekarun 1960 balon Nijar na unguwanni ne. A Yamai ana kiran ekip da lambar yankinta: Secteur 6 ita ce ta zama Olympic FC, Secteur 7 ta zama Sahel SC. Waɗannan biyun, kowacce ta ɗauki shampiyona fiye da sau goma. Ga Zumunta AC, ga AS Niamey da ta riƙe kofin shekara uku a jere daga 1980 zuwa 1982, daga baya ga JS Ténéré. Ekip ta unguwa, wanda ke tsaron raga ɗan maƙwabcinka ne, mai sayen riguna ɗan kasuwar da kake cin bashi wurinsa ne. In an ci, unguwa ba ta barci. In an sha kashi, ɗan wasa ya bi ta lungu ya shiga gida.

Sau biyu kofin ya taɓa barin Yamai. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauke shi. A 1984 kuma Espoir FC ta Damagaram. Ku dubi shekarar fa. Shekarar fari ce, wadda manyanmu ke kira El-Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya yi wuya, dabbobi suka ƙare. A cikin wannan halin ne yaran garin nan suka zama zakarun Nijar baki ɗaya. Ni ba a haife ni ba, amma kawuna har yau in ya fara labarin 84 shayinsa sai ya huce. Daga wannan shekara zuwa 2024, shekara 40 cif, ba wata ekip ta wajen Yamai da ta sake ɗaukar shampiyona.

To, Police ba ita ta fara shigo da kaki ba. AS FAN ta sojoji ta daɗe a fili. AS FNIS kuma, ta rundunar da yanzu ake kira Gardi na ƙasa, ta riga ta ɗauka a 2005 da 2006. Abin da 2008 ta nuna shi ne nasarar FNIS ba dace ba ce, zamani ne ya juya. Sahel ta ƙwace a 2007 da 2009, Olympic ta samu ɗaya a 2012, shi ke nan. Sojoji suka ɗauka a 2010, 2016 da 2017. FNIS da ta koma AS GNN ta ɗauka a 2011, 2014, 2023 da 2024. Ƴan duwan 2013 da 2015. Jandarmomi, wato USGN, 2021. Ragowar na kamfanonin gwamnati ne: SONIDEP ta man fetur 2018 da 2019, NIGELEC ta wutar lantarki 2022. A 2020 korona ta tsayar da gasar. Ku ƙirga da kanku: daga 2005 zuwa 2024 an raba kofi 19, uku kawai suka je unguwa.

Ba mu muka fara ba, don kar a ce abin Nijar ne kaɗai. Dynamo ta Mosko, da aka kafa a 1923, ta hukumar tsaron cikin gida ce ta Tarayyar Sobiyet. Al-Shorta ta Bagadaza tun 1932 take, kuma sunan ma "ƴan sanda" yake nufi da Larabci. A Maroko AS FAR ta sojojin sarki ta ci kofin zakarun Afirka a 1985. Senegal na da ekip ta Police da ta Duwan, Yuganda da Ruwanda da Kenya kowacce na da Police FC. Bambancin shi ne a Maroko akwai Raja da Wydad da ke cika sitad, a Iraƙi akwai Al-Zawraa. Mu nan, kaki bai bar wa kowa wuri ba.

Me ya sa? Baba, amsar ɗaya ce: ƙarshen wata.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ba zan kama suna ba, mun yi firamare tare. Ƙafar hagu Allah ya ba shi, in ya ɗauki balo daga tsakiyar fili sai ka ji mutane sun miƙe. Ya yi shekara uku yana buga wa wata ekip ta gari. Abin da yake samu bai wuce jika biyu ko uku bayan maci ba, shi ma in an ci, in kuma mai ekip na cikin walwala. Da safe kabu-kabu yake yi. Rannan ya ji ciwo a gwiwa, kuɗin asibiti sai da muka yi karo-karo a fada. Da ya warke, wata ekip ta masu kaki ta neme shi a Yamai. Uwarsa ba ta tambayi launin rigar ba. Abin da ta tambaya shi ne: za su ɗauke shi aiki? Yau ya daina balo, yana da lambar aiki, yana da mata da ƴaƴa uku, duk wata yana aiko wa tsohuwa da abin cefane. Ku gaya mini tsakani da Allah, wa zai ce ya yi kuskure?

Wannan shi ne abin da ekip irin Police ke da shi wanda Espoir ko Alkali Nasara ba su da shi. Tana da hukuma a bayanta, tana da mota, tana da likita, horo safe da yamma ba sai an jira ɗan wasa ya tashi daga kasuwa ba. Wasu ƴan wasan kuma suna samun hanyar shiga aikin, balo ya ƙare albashi bai ƙare ba. Ita ekip ta gari a wuyan mutum ɗaya ko biyu take. Ranar da kasuwar Alhaji ta girgiza, ekip ta girgiza. Ga kuma hanya. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma yawancin abokan karawar can suke. Ekip ta Yamai ta tashi daga gida ta je sitad Seyni Kunce cikin minti ashirin. Tamu ta kwana a mota, ƙafafu a kumbure, ta sauka ta buga. Tun da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai a 1926, komai can yake gangarawa, balo ma ya bi sahu.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, tsarin ya haifar da abin kirki. AS FAN ta kai zagayen rukuni na kofin Confédération a 2010. Musa Maazu daga cikinta ya fito kafin ya tafi Beljiyam, kuma shi ya zura wa Masar ƙwallo a Yamai cikin Oktoban 2010, lokacin Masar ce ke riƙe da kofin Afirka. Mena ta je CAN a 2012, karo na farko a tarihi, ta koma a 2013. USGN ta riƙe Al Ahly 1 da 1 a Yamai a 2021 (na Alƙahira kam kar mu tayar da shi, 6 da 1 ne), daga baya ta shiga rukuni tare da Simba da ASEC da Berkane. Hatta Fenifoot, a 2009 hafsan soja ya karɓi ragamarta, Kanal Jibrilla Hima Hamidu da aka fi sani da Pele. Yaron da ya ci ya ƙoshi ya fi gudu, wannan ba a musu.

Inda nake da ja shi ne wurin ƴan kallo. Wa ke kuka in Police ta faɗi? Ɗan sandan da ke komisariyar Zinder ma, in ka tambaye shi, Real ko Barça zai ce maka. Sitad Seyni Kunce na ɗaukar mutum 35,000, amma wanda ya taɓa zuwa macin shampiyona na yau da kullum ya san kana iya jin muryar antirena daga ɗaya gefen. Ku kwatanta da kokowa. Tun 1975 ake yin gasar takobi, kowace jaha da ƴan kokowarta, kuma tana zagayawa gari gari. Lokacin Balla Haruna, in ya shiga fili duk Damagaram tsayawa take yi, mai shago ya bar shago ya manne da rediyo. Don namu ne. Ba wanda ya taɓa jin an ce ga ɗan kokowar duwan zai kara da na jandarma.

Abin mamaki kuma, ita Police da na fara da ita ba ta ci moriyar ƙofar da ta taimaka aka buɗe ba. Ta je gasar zakarun Afirka a 2009, ta tsaya tun zagayen share fage. Daga 2008 har 2024 ba ta sake ɗaukar shampiyona ba. Ƴan uwanta na kaki ne suka yi ta rabawa tsakaninsu, gardi da soja da duwan, ita tana kallo. Wani abokin aikina ya ce saura dogaran Sultan su kafa tasu, ja da kore, wataƙila a nan ne Damagaram za ta sake ganin kofi.

Ni dai abin da nake so in ji daga bakin masu kuɗin garin nan da mahukuntan birni, da matatar SORAZ da ke nan kusa da mu tun 2011, shi ne ko akwai mai iya ɗaukar albashin yara ashirin na shekara uku a jere, ba na wata uku ba. Zan kai tambayar shirin Lahadi mai zuwa, layi a buɗe.

Sannan roƙo. Duk wanda ke da hoton ekip ɗin Espoir ta 1984 a gida, ko tsohuwar riga, ko ma katin shiga fili, don Allah ya yi mini magana. Wasu daga cikin ƴan wasan suna nan da ransu cikin gari, ina so in ɗauki muryoyinsu. Baba na Birni, kai ma ina jiran wayarka.