Daga Bin Sawu zuwa Bin Lambar Waya

A da, idan aka kore shanun manomi a karkarar Funtua ko Malumfashi, bincike daga bakin turke yake farawa. Masu bin sawu su duƙufa kan kofato da karyayyun karan dawa, har su kai sawun ƙofar wani ƙauye, daga nan dagacin garin ya fito da ɓarawo ko ya nuna inda sawun ya fita. Dogarai su kamo, alƙali ya yanke hukunci. Turawa sun zo sun ƙara da 'yan doka na En'e, waɗanda gwamnatin soja ta haɗe da 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960.

Wayar salula, wadda ta shigo ƙasar a 2001, ta sauya lissafi. Da ita mai garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa, da ita ɗan damfara ke yaudarar mai sayar da masara da saƙon banki na bogi. Dokar laifukan intanet kuwa sai a 2015 aka yi ta.

Don daƙile masu garkuwa da mutane, a Satumban 2021 aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtua da Malumfashi. Matakin ya wahalar da 'yan kasuwa, ya kuma nuna ƙarancin masu iya bin sawun kira ɗaya ba tare da an rufe wa kowa da kowa baki ba. Yanzu aikin sai da karatu mai zurfi: Jami'ar 'Yan Sanda ta Wudil da sauran jami'o'i na koyar da nazarin laifuka, amma yankin na buƙatar 'ya'yansa a waɗannan azuzuwan.