Tambarin da ke Ƙarƙashin Hular Kwano

A shekarar 1941 rundunar sojan Amurka ta yi watsi da hular kwano mai faɗin baki da ta gada daga Ingila tun Yaƙin Duniya na Farko, ta rungumi sabuwa mai suna M1. Abin da ya bambanta ta shi ne huluna biyu ce a haɗe. Akwai kwanon ƙarfe a waje, sannan akwai hular ciki marar nauyi, wadda ke ɗauke da maɗaurai da igiyoyin da ke zama a kan soja. An samo fasalin igiyoyin ne daga hular 'yan ƙwallon Amurka ta kamfanin Riddell. Kamfanoni biyu ne suka ƙera kwanon, wato McCord na Ditiroyit da Schlueter, kuma kafin ƙarshen yaƙi a 1945 sun fitar da fiye da miliyan 22.

Hular ciki kuwa ta bi ta hannu da yawa. Kamfanin Hawley ne ya fara yin ta da matsattsiyar takarda da aka lulluɓe da yadi, amma danshi da gumi suna saurin lalata ta. A 1942 aka koma ga yadin auduga da ake jiƙawa da danƙon roba a matse cikin mazubi. Kamfanonin Hood Rubber da St. Clair sun yi amfani da matsi mai sauƙi, nasu bai yi ƙarko ba. Wadda ta ɗore ita ce ta matsi mai ƙarfi, kuma kamfanoni bakwai ne suka yi ta: Westinghouse, Inland, Firestone, Mine Safety Appliances, Capac, Seaman Paper da International Molded Plastics.

Da yawansu ba su da alaƙa da hula kafin yaƙi. Westinghouse kayan lantarki yake yi, Firestone taya, Seaman takarda, Inland kuwa reshe ne na kamfanin motoci na General Motors. Tun da hulunan duk kamarsu ɗaya, sai kowane kamfani ya sassaƙa tambarinsa a jikin mazubi, ta yadda in an ga aibi za a san inda ya fito. Tambarin yana fitowa ne daga ciki, a tsakiyar hular, ƙarƙashin igiyoyi.

Wanda ya kifa hular ya haska fitila zai ga harafin W a kewaye idan ta Westinghouse ce, wanda ya fi kowa yawan ƙira. Firestone yana da F cikin garkuwa, Seaman yana da S, Mine Safety Appliances haruffan MSA. Capac ya rubuta sunansa a tsaye da a kwance, suka gitta juna. Na International Molded Plastics ɗan ƙaramin mutum ne, Inland kuwa ya rubuta sunansa ɗungurungum. Lambar da ke kusa da tambari ta mazubi ce, ba shekarar ƙira ba, kuma a nan sababbin masu tara kayan tarihi suke yawan tuntuɓe.

Wani lokaci akan ga tambari biyu a hula guda. A 1943 Inland ya bar yin hula ya duƙufa kan ƙera bindigar M1 Carbine, mazubansa suka koma hannun Firestone. Hulunan da aka fitar daga waɗannan mazubai suna ɗauke da alamun kamfanonin biyu, shaidar yadda yaƙi ya riƙa jujjuya masana'antu gwargwadon buƙata.

Sai dai tambari kaɗai ba ya yanke hukunci. Igiyoyin farko farare ne na zaren rayon, daga baya aka koma na auduga mai ruwan ƙasa-ƙasa. 'Yan ƙarafan da ke riƙe igiyoyin sun fara da siffa mai kusurwa huɗu, suka koma siffar harafin A, wajen 1944 kuma aka riƙa yin su da baƙar tagulla. Westinghouse da Capac sun sake yin hular a zamanin yaƙin Koriya, saboda haka W ba ta nufin lallai hular ta ga yaƙin Hitila. Ƙasashe kamar Beljiyam da Holan da Ostiriya su ma sun ƙera kwatankwacinta, aka ci gaba da amfani da M1 a Amurka har tsakiyar shekarun 1980.

A nan ne batun kuɗi ke shigowa. Hular sojojin laima, wadda Inland da Westinghouse suka yi da ƙarin maɗaurin haɓa, tana da tsada sosai a kasuwar kayan tarihi. 'Yan damfara sukan ɗauki hula ta gama-gari mai tambari na gaske, su ɗinka mata maɗaurai, su shafa mata fentin wata runduna. Mai saye da ya tsaya ga tambari kawai ya faɗa tarkonsu. Gwani yakan duba ko ƙusoshi da zare da tsatsa sun tsufa tare, ko kuma an taɓa su daga baya.

Ko an tabbatar da komai, tambari yana faɗin masana'antar da ta matse hular ne kawai. Sojoji sun riƙa musayar kwano da hular ciki a bariki da fagen daga, rumbunan soja kuma suna sake haɗa su bayan gyara. Sanin wanda ya sa ta a kansa sai an dace da suna ko lambar soja da ya rubuta da hannunsa, sannan a bi sawunta cikin kundin rundunar.