Farashin Gyaɗa a Najeriya da Nijar: Waiwaye Daga Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya tashi a Kirikasamma ya sha jin tsofaffi suna ambaton "zamanin gyaɗa", lokacin da ake ɗora buhuna a kan jakuna da raƙuma zuwa tashar jirgin ƙasa ta Birniwa ko Malam Madori. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin kwatanta yadda farashin gyaɗa ya gudana a Najeriya da Nijar, domin mai karatu ya ga abin da ya sa Bahaushen Haɗeja da na Damagaram, masu noma iri ɗaya a ƙasa iri ɗaya, ba su karɓi kuɗi iri ɗaya ba.

Cinikin gyaɗa ya bunƙasa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Zuwa 1930 an kai dogo Nguru, ya ratsa ƙasar Haɗeja. Sai dai a daidai lokacin ne kasuwar duniya ta karye, farashi ya faɗi warwas, ga kuma haraji yana jira. Wannan masifa ta shafi ɓangarorin biyu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne hanyoyinsu suka rabu.

A Najeriya, Ingila ta kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. Ita ke yanka farashi kafin kaka, kuma takan yanka shi ƙasa da na kasuwar duniya. An ce rarar ajiya ce don ranar da kasuwa za ta faɗi, amma yawancinta ayyukan gwamnati ta tafi. A taƙaice, manomi ya biya haraji sau biyu: ɗaya ga dagaci, ɗaya a bakin sikeli.

A Nijar kuwa, Faransa tana bukatar man gyaɗa, don haka ta riƙa sayen gyaɗar ƙasashen da take mulka a kan farashin da ya ɗara na duniya. Ko bayan an kafa kamfanin SONARA a 1962 wannan gata bai yanke ba, sai wajen 1967, lokacin da ƙa'idojin Kasuwar Tarayyar Turai suka tilasta wa Faransa janye shi.

To, ruwa ba ya tsami banza. Duk shekarar da farashin Nijar ya fi, sai gyaɗar Najeriya ta tsallaka iyaka da dare. In ya juya, ita ma ta juyo. Abin mamaki, kaso mai yawa na gyaɗar Nijar ta Kano yake bi a jirgi zuwa Ikko. Ke nan buhu yana iya fita ta fasa-ƙwauri, ya dawo da takardun wata ƙasa.

Ƙarshen zamanin ya zo wa ƙasashen biyu tare. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa saura. Gwamnatocin kuma kowacce ta sami sabon abin dogaro: Najeriya man fetur, wanda farashinsa ya ninka kusan sau huɗu a 1973 zuwa 1974, Nijar kuma yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971. Yuraniyom ya karye a farkon shekarun 1980, fetur ya bi shi a 1986, shekarar da Najeriya ta rushe hukumomin ciniki. Kafin nan dalar gyaɗa ta Kano ta riga ta ɓace.

Yau riɗi da zoɓo ne manoman Jigawa suke nomawa don kasuwar waje. Ya kamata mu ɗalibai mu riƙa tambaya: nawa ake sayar da buhu a bakin teku, nawa kuma ke shiga aljihun wanda ya yi noman? Kakanninmu ba su sami damar yin wannan tambaya ba. Allah ya sa mu dace, amin.